Kunnen 'Yar Mai Allura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An haifa mini ita shekarar farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Babura, ungulu suka ƙoshi har suka kasa tashi. Ban yi boko ba, daga can nake ƙirga shekarunta. Ranar Talatar makon jiya ina gona ina ɗaurin dawa, sai Sani ƙanin mijinta ya tsayar da babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Da na ga mutum ya tuɓe takalmi a cikin ƙaya na san ba lafiya ba.

"Baba, sai haƙuri. Yaya ta cika a asibitin Kazaure."

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Mai abu ya karɓi abinsa.

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa ba a faɗa. Ban faɗa tana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Ƙauyukan da ke tsakanin Roni da Gwiwa sun san ta da Mai Allura, domin da wuya ka ga yarinya da 'yan kunne a yankin nan ba ita ta huda mata ba.

A wurin kakarta ta koyi huda, amma ba ta tsaya inda tsohuwar ta tsaya ba. Kowace yarinya da allurarta sabuwa. Zare sai an tafasa shi. Ita kanta sai ta wanke hannu da sabulu kamar za ta ci tuwo a gidan surukai. In an gama, sai ta tsare uwar yarinya da bayani: ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma, a tsane wurin da ƙyalle mai tsabta, kada a bar ƙawaye su taɓa, kada a yi gaggawar sa ɗan kunnen kasuwa mai tsatsa. Takan ce, "Huda ba aiki ba ce, renon huda shi ne aiki." Takan kuma ce, "Sabon kunne jariri ne, ba a barinsa ya kwana da dauɗa."

Mun sha yin musu da ita, in musu ne a ce kana magana kana kallon bango. Sai in ce, "A gaya wa mutanen gidan nan, mu a zamaninmu tsinken tsintsiya da toka ake sawa, kuma ba wadda kunnenta ya faɗi."

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Baba. Sai dai Gwaggo Tabawa har ta rasu ba ta taɓa ɗaga ɗankwali daga kunnenta na hagu ba."

Tabawa ƙanwata ce. Wani nama ne ya tsiro mata a bayan kunne kamar goro. Na tashi na tafi masallaci, lokacin salla bai ma yi ba.

Ba ta hudawa ta juya baya. Washegari za ka gan ta da hijabi tana bin gida-gida, tana kama kan yara tana juya su wajen haske. Da damina ta taɓa ratsa ruwa har gwiwa don ta duba kunnen wata jaririyar Fulani a ruga. Wata kuma ta kawo 'yarta tana tari, Mai Allura ta ce mata, "Koma sai ta warke. Jiki ba ya jinya biyu." Matar ta yi fushi ta tafi, bayan wata guda ta dawo.

Abin da ya sa na nemi a rubuta maganar nan kuwa shi ne autarta, Hauwa. Hudar jarirantakarta ta toshe, yarinyar ta dami uwar da naci, ita kuwa ta sake huda mata ana gobe za ta kwanta ciwo. Wannan ce allurarta ta ƙarshe.

Ranar sadakar uku, Ladi maƙwabciyarta ta same ni a zaure ta durƙusa.

"Baba, kunnen Hauwa fa. Tun da uwar ta kwanta ba wanda ya wanke shi."

Na ce, "Ke Ladi, ana zaman makoki kina maganar kwalliya? A bar zancen kunne sai an yi bakwai."

Maza suka gyaɗa kai. Ladi ta ce, "To, Baba," ta koma ciki. Babu wadda ta ƙara tayar da maganar, tunda ni na kashe ta. Ni a ganina kunne ado ne, gidan rasuwa kuwa ba a ado. Ciwo ne a jikin marainiya, na kira shi kwalliya.

Yau aka yi bakwai. Da jama'a suka ragu na hango Hauwa a gindin darbejiya, ta ja ɗankwali ta rufe gefen fuska. Na kira ta.

"Amarya, an fara yi mini rowar fuska ne? Ko kin samu saurayi?"

"Kai da ba ka da haƙora, wa zai aure ka?" Ta faɗa, amma ba ta yi dariya ba.

Na ɗaga ɗankwalin. Kunnen ya kumbura ya yi ja, zaren ya nutse cikin nama, ruwa na tsattsafowa. Jikinta da ɗumi.

"Me ya hana ki faɗa?"

"An ce ka ce a bari."

Na kai shekarun da ba a cika ba ni kunya ba, amma a wurin nan na rasa inda zan sa idona. 'Ya'yan mutane duk ta bi su har gida. Kunne guda ɗaya na 'yarta ta bar mana, a gidan da ke cike da matan da ta huda wa kunne, muka bar shi ya ruɓe.

Ladi ta kawo ruwan ɗumi da gishiri. Hauwa ta ƙi yarda ta taɓa ta, ta ce Inna ce kawai take yi ba zafi. Sai na nemi sabulu na wanke hannu. Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan ai aikin mata ne." Na ce masa ya ci goronsa. Na wanke mata kunnen, tana kuka tana riƙe da rigata. Zaren ban taɓa shi ba, ya fi ƙarfina. Toka kuwa ko ambatonta ban yi ba.

Ya Allah ka jiƙanta, ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa 'ya'yan mutane. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, ka raya su bisa tafarkinta. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.

Gobe in na idar da asuba, Sani zai kawo babur. Zan ɗora Hauwa a tsakiyarmu mu tafi asibitin Kazaure a cire mata zaren nan. In suka tambayi wanda ya bar kunnen ya kai haka, ba Ladi za a nuna ba, ina tsaye a wurin.