Malam Ubaidullahi da Sunayen da Suka Zube a Gefen Takarda

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Malam Ubaidullahi yake isowa ofis daga Yalwawa, ya jingine kekensa, ya yaye ƙyallen da ya rufa wa firinta, ya zauna. Shekara talatin da biyar yana buga takardun mutane, tun a tafireta a Kano kafin a ba mu jiha. Watan jiya ya yi ritaya. Ko lemo ba a sha ba.

Na san shi a 1999, da likitocin ido suka zo Dutse aikin kwana uku. Na ɗauko mahaifina daga Buji a acaɓata, farar yana ta rufe masa ido biyu. An riga an yi masa rajista. Likitocin suka ba Malam faifan kwamfuta ya buga sunayen waɗanda za a yi wa aiki. Da takarda ta fito, layi na biyu ya fara daga inda na farko ya ƙare, na uku ya ƙara gusawa dama, kamar matakala, har sauran suka zube a gefe. Cikin mutum ɗari da ashirin, suna huɗu ake iya karantawa.

Jami'in da ke kula da layi ya ce, "Kwamfuta ta cinye sunayen. Wanda ba ya takarda, sai wani zuwan."

Mahaifina ya laluɓo hannuna. "Sagiru, mu tafi. Allah bai nufa ba."

Malam ya ɗago takardar. "Ranka ya daɗe, ba abin da ta ci. A tafireta, in ka kai ƙarshen layi, turi ɗaya kake yi amma aiki biyu ne: takarda ta gusa, ka koma farko. Faifan nan gusawa kawai yake gaya wa firinta, bai ce ta koma ba."

Jami'in ya ce, "Malam, wa'azi za ka yi mana ko aiki?"

Malam ya kashe firinta, ya buɗe murfinta, ya sa tsinken sakace ya ture wani ɗan mitsitsin maɓalli da zai sa ta riƙa komawa farkon layi da kanta. Ya kunna. Sunaye suka jeru. Mahaifina ne na tamanin da bakwai.

Washegari aka yaba wa jami'in.

Kai ne, Malam, mai mayar da layi gida. Ni da na bar makaranta a aji biyu, a bakinka na fahimci abin da masu digiri suka tsaya suna kallo. Mahaifina ya ga gonarsa damina huɗu kafin ya rasu.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaida Malam. Sai da na yi magana ya gane ni. Farar yana ta fara hawa idonsa, likitocin kuma ba su sake dawowa ba.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka, Ya buɗe maka ido. Ku kuma da ke zaune gaban na'ura yau, kafin ku ce wa mutum ba ya takarda, ku duba gefenta.