Tsagen da Baba ya yi wa Manjo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Garba na Argungu, amma sai bana na sauke nauyin da ya bar mini.

Baba ƙaramin soja ne lokacin yaƙin basasa, mai hannun zane. A bakin daga ya samu tawada da ɗan akwatin fentin ruwa, ya zauna ya zana kwamandansu, Manjo Bitrus, mutumin Filato. Hula, kafaɗa, wushirya, komai ya fito. Sai dai Baba Bakabe ne, kuma a wurinsa fuskar jarumi ba ta cika sai da tsage. Ya jera wa Manjo tsagen Kabawa a kumatu biyu, reras.

Manjo ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, hannuna ne bai saba da huska hakanan ba." Manjo ya ce ya ajiye masa har a gama yaƙi. Amma Manjo bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Baba ya yi ta neman iyalin Manjo bai dace ba, har ya bar mini wasiyyar in kai musu zanen. Da yana nan yau ya ga yadda waya ke goge wa mutane fuska ta koma sumul, na san tsaki zai ja, ya ce ba ya gane kowa.

Bana wata maƙwabciyata ta haɗa ni da Malama Rifkatu, ma'aikaciyar jinya a unguwar Badariya, nan Kebbi. 'Yar Manjo ce, tana cikin mahaifiyarta ya rasu, kuma ko hoto ɗaya nasa ba su da shi. Wallahi na ji tsoro. Mace ta haura hamsin tana jiran fuskar ubanta, in kai mata ta Bakabe?

Da na miƙa mata zanen, ta daɗe tana kallo. Ta taɓa wushiryarta, ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ashe shi ya sa aiki ya kawo ni Kebbi," in ji ta.

Baba bai bar gida ko gona ba, wannan takarda ya bari, kuma na yi murna da ta isa inda ya so. Mai sa hoto a gilashi ya ce zai iya cire tsagen da kwamfuta. Malama Rifkatu ta dafe takardar.

"Wanda ya yi su ya ga babana da idonsa. Bar mini shi haka."