Zanen da Iya Ta Riƙa Kai Ni Makaranta da Shi

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar mahaifiyata Hajara, wadda muke kira Iya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta ina fasawa, don gudun kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, ko in ƙara gishiri a inda ita ba ta sa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon ƙaramin abu ne. Kwanakin baya na kwana a gidan ƙanwata a Karaye, da safe na raka ta kai yaranta makaranta. Na tsaya a bakin ƙofar ina kallon iyaye mata. Mafi yawansu hijabi ne har ƙasa, wata ma da gani ka san kan kayan barci ta zura shi. Wata ta sauko daga babur da atamfa da gyale a kafaɗa, wata ma'aikaciyar asibiti da baƙar abaya da jaka. A Kano, inda nake zaune, sai a ƙara da tabarau da makullin mota a hannu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk cikinsu ba wadda aka tare aka tambaya ina za ta.

A Zoza ta ƙasar Rogo, inda na tashi a shekarun alif ɗari tara da tamanin, ba a san uwa ta kai ɗa makaranta ba. Yara kan haɗu ayari guda su tafi, manya na jan ƙanana. Kuma a lokacin, aƙalla a unguwarmu, don ba zan yi wa kowace unguwa shaida ba, suturar mace ce ke faɗar inda za ta. Matan aure ba sa fita da rana sai da dalili, dalilan kuwa sanannu ne, kowanne da kayansa. In biki ne ko suna, atamfa ce da gyale, da kwalli da lalle. In gaisuwar mutuwa ce, baƙin zane na rini ake lulluɓawa daga kai har idon sawu. Tsofaffi ne kawai ke yawo da koɗaɗɗen saƙi, su kai abinci gona, su leƙa jikoki, ba mai ɗaga kai ya dube su. Amma kayan zuwa makaranta babu su, tunda fitar ma babu ita.

Ni kuwa ina da buƙatar a kai ni. Tun ina ƙarama na yi wani zazzaɓi da ya bar mini rauni a ƙafar hagu, ba na iya bin ayari. Makarantar firamaren tana hayin wani rafi, wanda da rani ba komai ba ne, amma da damina sai mai ƙafa biyu lafiyayyu. Baba, manomin gyaɗa da dawa ne mai sanyin hali, ya ce a bar ni a gida, karatun allo ya ishe ni. Iya ta ce ita za ta riƙa goya ni. Allah ya so ba ni ce 'yar fari ba, da kunya kaɗai ta isa ta hana. Baba ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada maganar ta zama surutu har ta kai kunnen yayansa, Baffa Malam, wanda shi ne babba a gidan, mai makarantar allo a zaure. Ranar da ta kai, an gama.

Iya 'yar Yammedi ce, kuma tana da 'yar'uwa da ke aure a cikin garin Karaye. A can ta taɓa ganin matan ma'aikata suna riƙe da hannun yara da safe, tsaf da atamfa da gyale. Ina jin ta ɗauka haka ƙa'idar take, kuma girmama makaranta ne. Don haka ranar farko ta ci ado, ta saɓa ni a baya. Ba mu wuce gida uku ba maƙwabciyarmu Tabawa ta leƙo ta saman zana.

"Hajara, haka za mu yi da ke? Suna ake a Yammedi, ba ko goron gayya?"

"Wane suna kuma? Makaranta zan kai yarinya."

"Makaranta? Da wannan gyalen? To, a gai da malaman."

A lokacin ban gane abin da ke cikin wannan gaisuwar ba, amma na ji bayan Iya ya ƙage. Kafin la'asar maganar ta zaga bakin masallaci. Baba bai yi faɗa ba, ya dai ce mata sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta nemi abin da ba zai ja ido ba.

Abin da ba ya jan ido, a tunaninta, shi ne baƙin zanen. Bayan kwana biyu aka wayi gari da yayyafi, ta goya ni, ta lulluɓe mu duka da shi don kada in jiƙe, ƙafata mai rauni tana reto a waje. Ta bi hanya da sauri, kanta a ƙasa, ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta sauke ni a aji ta dawo ita kaɗai, da baƙin lulluɓi, bayanta ba kowa.

Ba na ganin laifin waɗanda suka gan ta. Kowa ya san ni ba mai cikakkiyar lafiya ba ce. An ga an fita da ni a rufe, an ɗauka asibitin Rogo aka nufa, an kuma ga uwar ta juyo daga hanya da kayan ta'aziyya. Me ya rage? Tabawa ce ta fara rafka salati. Kafin Iya ta kwance zanen, mata sun cika tsakar gida, wata na riƙe ta tana cewa ta yi haƙuri, ita kuma tana tambayar wa ya rasu. A waje har an aiki yara su ɗauko diga. Baffa Malam ya sallami ɗalibansa ya fito yana tambayar ina gawar take. Ni kuwa ina can hayin rafi muna rera a, ba, ca.

Yau in muka tuna sai mu yi ta dariya, amma ranar ba wanda ya dara a gidanmu. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, daga bakin yayata da na Iya na ji, kuma ruwayoyin sun ɗan saɓa, don haka zan faɗi inda suka haɗu. Baffa ya kira Baba ɗakin mahaifiyarsu, kakarmu, Iya na durƙushe a bakin ƙofa. Ya ce shi ba ya ƙin karatun yarinya. "Amma shekaranjiya an ce matar gidan nan ta ci ado ta tafi wajen malaman boko, yau an ce mun yi gawa. Gobe kuma me za a ce? Tsohuwa ce kaɗai ke fita da safe ba a tambaye ta ba, tsohuwar da muke da ita kuwa ba ta iya goyo."

Na tabbata, ko in ce na kusa tabbatawa, rufe maganar ya yi niyya. Sai Kaka ta ce, "Kai Malam, wa ya gaya maka tsufa a ƙashi yake? A zane yake." Ta jawo wani tsohon saƙinta daga kan igiya, wanda ya koɗe har ba a gane launinsa, ta jefa wa Iya. "Ungo, Hajara. Cire 'yan kunnen nan, ki wanke kwallin. In kin ɗaura wannan ko kare ba zai yi miki haushi ba." Baffa bai ja ba, don ba a musu da uwa. Can ya ce, "Yadda kika ce, Inna. Amma in na sake jin magana, shi ke nan."

Bai sake ji ba. Washegari Iya ta ɗaura saƙin, ta yafa wani tsumma irinsa, ta sa takalmin roba. Mun wuce majalisar maza ba wanda ya juyo. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wannan ya rufe har fiye da yadda ake so. Abin da ban fahimta ba sai da na girma shi ne, ba a tsufa da safe a koma yarinya da yamma. Da ta ci ado ranar biki, da washegari an ce ashe lulluɓin na yaudara ne, kuma da maganar ta koma zaure. Don haka sai ta bar lalle, ta bar kwalli, in an yi suna ta zauna cikin tsofaffi wajen tukwane. A lissafina ba ta fi talatin da 'yan kai ba a lokacin. Ban san yadda Baba ya ji ba, ba a irin wannan hira da iyaye. Na dai ga ya kawo mata turmin atamfa daga kasuwa wata sallah, ta yi godiya, ta ba yayata.

Haka muka yi har na gama firamare. Da na yi nauyi ta daina goya ni sai a bakin rafi, sauran hanyar ta riƙe ni a hannu, tana rage sauri ba tare da ta nuna tana ragewa ba. Da damina sai iyaye suka fara turo mata ƙananan yaransu ta haye da su, har da na Tabawa. Wata mata da aka auro daga Fulatan ta daɗe tana zaton Iya surukar gidanmu ce, tana durƙusa mata har ƙasa. Iya ba ta gyara mata ba.

A shekarun casa'in, da makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, hijabi ya iso ƙauyukanmu. Na dawo hutu daga makarantar kwana na tarar wata amarya a unguwarmu ta zura shi za ta asibiti. Iya ta bi ta da kallo, ta ce, "Oh ni Hajara, wannan buhun ina yake lokacin da nake nemansa?" Ta yi dariya, ni ma na yi. Ita ce kaɗai maganar da na taɓa ji daga bakinta mai kama da ƙorafi, kuma ko ita ɗin ban tabbata ƙorafi ba ce.

Shi ya sa nake ta tambayar kaina abin da za ta ce da ta tsaya tare da ni a ƙofar makarantar nan ta Karaye. Wataƙila ta yaba, don ga mata sun sami suturar da ba ta tsegunta inda za su. Wataƙila kuma ta yi mamakin yadda muka ƙirƙiro wata sabuwar damuwa, don na san mata a birni, ni ma ban fid da kaina ba, da kan tsaya gaban madubi suna tunanin abin da sauran iyaye za su ce a kan abayarsu. Idan kiɗa ya canza rawa ma kan canza, amma idon mutane ban ga ya canza sosai ba. Ba na so in ce zamaninsu ya fi namu ko namu ya fi nasu. Baffa ba mugu ba ne, mutuncin gida yake karewa yadda ya san shi, kuma shi ne ya fi kowa murna ranar da na gama jami'a. Tabawa ma ita ta yi jinyar Iya a ciwonta na ƙarshe. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne, hanyar da mata ke bi yau da safe ba tare da fargaba ba, akwai waɗanda suka fara taka ta tun tana da ƙaya, kuma ba a san sunayensu ba.

Me ya saura na Iya? Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko hoto mai kyau ba, guda ɗaya ne kuma ya dushe. Ta bar mace mai ɗingishi da ke tsayawa gaban aji tana koyarwa, da wasu magidanta a Zoza da har yau in sun gan ni sukan ce, "Iyarku ce ta haye da ni rafi."

Ranar da ta rasu, mata masu zuwa gaisuwa suka riƙa ba mu haƙuri da cewa ai Iya ta sha miya, Allah ya ba mu tsawon rai irin nata. Wata ta ce ta kai tamanin, wata ta ce ta haura. Ba ta cika sittin ba. Na buɗe baki zan gyara musu, kamar yadda na saba gyara komai, sai yayata ta dafa mini gwiwa, na fasa. Daga baya na ga ba su yi kuskure sosai ba. Shekarun da suka ɗora mata ta ɗauke su da gaske, tun da wuri, da hannunta ta ɗaura su. Sai dai ba ita ta ci moriyarsu ba, ni na ci.

Allah ya jiƙan Iya, ya tufatar da ita da abin da ya fi duk wanda ta haƙura da shi.