Ni Na Ɗauki Hoton Firijin Nan

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Wasu sun ce an toshe mani baki da mashin, wasu sun ce mun ɓata da Honarabul. Maciji ne ya sare ni, saura ƙiris a yanke mani ƙafa.

Kun san ni ne mai sa hotunan ayyukan ɗan majalisarmu na jiha. Bara da ya buɗe ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ni na ɗauki hoton firiji, ƙofa a buɗe, kwalaben allurar dafin maciji jere a ciki. Har na rubuta cewa mun yi bankwana da mutuwar saran maciji. Allah ya yafe mani.

Da kaka ne, da hantsi. Ina ɗaga damin dawa na ji kamar ƙaya ta soke ni a ƙafar hagu. Ina dubawa sai ga kububuwa tana sulalewa cikin kara.

Yayana Mudi ya tayar da mashin. "Hau mu wuce babban asibiti kai tsaye."

Na ce, "Haba Yaya, ga magani a bakin ƙofa? Da idona na gan shi."

"Kai dai da Honarabul ɗin nan naka," in ji shi. Amma ya bi tawa.

Muka tarar da asibitin a kulle. Sai da aka aika gida aka kirawo malamar da ke aiki wurin. Tana buɗewa na ce ta taimaka ta ɗauko allurar cikin firiji.

Ta ce, "Wane firiji? Ai washegarin biki mota ta zo ta kwashe shi, har da gadaje biyu. Wai gyara za a yi a dawo da su. Wutar ma muna da ita ne?"

Wallahi maganar nan ta fi saran zafi.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kun san irin hanyoyinmu. Kafin mu isa babban asibiti ƙafa ta kumbura har gwiwa, in na tofar da yawu jini ne.

Suka ɗebi jinina a 'yar kwalba suka ajiye minti ashirin. Ya ƙi daskarewa. Likita ya ce, "Ina kuka tsaya?" Yaya Mudi ya juya yana kallon bango, bai tona ni ba.

Allurar ba kyauta ba ce. Masarar da muka ajiye don kasuwar 'Yankara ta tafi, tunkiyar Inna ma ta bi ta.

Rana ta uku yatsun suka fara baƙi. Likita ya ja layi da biro a saman idon sawuna, ya ce, "In baƙin ya tsallake nan, ƙafar za mu cire." Kullum da safe sai a kwance bandeji a duba. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka ba sau ɗaya ba. Manomi ba ƙafa, 'ya'ya huɗu, ina zan sa kaina?

Kwanciya ta sa na koma duba tsofaffin hotuna. Firijin ƙauyenmu yana da 'yar lotsawa a kusurwar ƙofa. Sai ga lotsawar nan a hoton buɗe wani asibiti, sai ga ta kuma a na uku. Ba zan rantse firiji ɗaya ba ne. Amma wane kamfani ne ke ƙera firiji da lotsawa iri ɗaya?

Na sake lura da wani abu. Duk shekarun nan, ban taɓa sa bidiyon da Honarabul ya miƙe a zauren majalisa yana maganar lafiya ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ba a taɓa turo mani ba.

Ana haka sai na hannun daman Honarabul ya zo dubiya, da ambulan ɗin kuɗi da mai ɗaukar hoto.

Na ce, "Alhaji, ranar da aka zartar da kasafin lafiya, me Honarabul ya ce? Ya amince ko ya ƙi? Yana zauren ma kuwa?"

Ya yi dariya. "Ai da murya ake yi, kowa ya amsa lokaci ɗaya. Wa zai tantance?"

"To maganin da aka nuna mana fa, ina yake?"

"Kai dai ji da ƙafarka. Riƙe ambulan ɗin nan ka ɗan yi murmushi."

Na ja mayafi na rufe fuskata. Ya ɗan jira, ya fita da ambulan ɗinshi. Ashe dai ba ni aka kawo wa ba.

Alhamdu lillahi, baƙin bai kai layin ba. Yatsu biyu aka cire, ƙafar tana nan. Ina ɗingishi, amma na fara leƙa gona.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka wanke ciwon nan kullum ba ƙyama. Yaya Mudi, Inna, maiɗakina, Allah ya saka maku da Aljanna.

Shawarata: in maciji ya sari mutum, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana ƙafar motsi a nufi inda aka tabbatar akwai allura. Ku je ku tambaya tun kuna da lafiya, ranar da ba biki, ku ce a buɗe maku ku gani. In ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abin da ya ce a zaure, ba abin da ya yanke wa kirtani ba.

Kuma kada ku ƙara dogara da hoto, ko nawa ne. Shekaranjiya na je gaishe da malamar asibitinmu. Ta ce bayana an kawo mutum biyu da maciji ya sara, kowanne 'yan'uwanshi na cewa sun ga maganin a waya.

Ban tambaye ta yadda suka ƙare ba. Har yanzu na kasa.