Ranar da Sada Wanzami Ya Ƙi Zare Aska

Duk mai bin hanyar Bunkure zuwa Kura da sassafe ya san ɗorawar nan ta bakin babban kanal, ya kuma san mai inuwarta. Kafin manoman alkama su gama shan koko, Sada Wanzami ya riga ya shimfiɗa buzu, ya rataye zabira a reshe, ya hau wasa aska a fata yana tauna goro da 'yan haƙoran da suka rage masa. Mai neman aski ya zo, mai ciwon baya ya zo a kafa masa ƙaho, mai neman gulma ma ya zo, sai dai shi kam hannu banza yake tashi. Namiji in ya sunkuyar da kai a hannun wanzami, bakinsa sakewa yake yi. Sada ya ji abin da liman bai ji ba, amma ba a taɓa cewa ga magana ta tashi daga gindin ɗorawar nan ta shiga gari ba.

Bana ya ajiye aikin. Hannu ya fara rawa, ya ce gara ya ajiye aska da kansa kafin ta ɗauke kunnen wani. Ba taro, ba sannu da aiki. Garin da ya yi wa kakanni aski, ya yi wa jikoki kaciya, abin da ya ga dama ya riƙe game da shi ɗaya ne: wai Sada ya taɓa jin tsoron aska. Haba jama'a! Wannan ƙaryar ce ta sa aka ɗauki alƙalami. Maharazu kuwa, wanda maganar ta shafa, shi da bakinsa ya ce a faɗa, a kuma kira sunansa.

A ranin da ruwan Tiga ya fara gudu a kanal abin ya faru. An tattara gonakin gado an sake yankawa, Maharazu ya tashi da wata 'yar gona can nesa da wadda ubansa ya bar masa. Ranin da dā ake hutawa ya koma na ban-ruwa da tsinkar tumatir. Mutum ya rame, ya zama kullum da buta a hannu, ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Sannan abin da kowane namiji yake tsoro ya same shi: ƙarfinsa na ɗa namiji ya kwanta. Ya daina shiga ɗakin matarsa Hawwa, ya koma kwana a bukkar gona, wai gadin tumatir yake. Ranar kasuwar Kura kuwa yakan raɓa motar masu maganin maza, 'yan iskan nan masu lasifika da ke tara dattawa suna batsa da tsakar rana. Ya sayi na sha, ya sayi na lasa, kowanne an cuɗa shi da zuma da dabino, ya yi ta ɗirka. Abu ya ƙi gaba, sai baya.

Iya Tani, mahaifiyarsa, ba makauniya ba ce. Jika ɗaya ta samu daga ɗakin, yarinyar har ta isa aike ba ƙani. Da yake ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira, sai ta tare shi a zaure ta ce, "Kai wannan, me ya kore ka daga ɗakin matarka?"

Ya dubi ƙasa. Kunya ta kama shi, sai ya faɗi abin da ya fi sauƙi a baki. "Iya, ita ce ba ta yarda. Wai zafi take ji."

Shi ke nan, ya gama da ita. Tsofaffi suka haɗa kai suka ce ai gishiri ne ya fito wa Hawwa ya toshe hanya, magani sai aska. Ita Hawwar fa? Wace mace ce za ta dubi surukarta ta ce ɗanki ne ya gaza? Ta ci gaba da daka, hawaye na zuba a turmi. Aka aika wa Sada, don shi ne wanzamin gidan tun zamanin mijin Iya Tani.

Ya zo da hantsi. An riga an shimfiɗa tabarma a ɗaki, an tanadi ruwan zafi, ga tsofaffi biyu da za su danne ta. Ya hangi Hawwa a rakuɓe jikin bango. Sada ya san abin da askar nan take bari. Akwai wata baiwar Allah a wajen Madobi da aka yi wa yankan gishiri, har yau fitsari bin ƙafarta yake, mijin da aka yanka ta dominsa ya sake ta saboda zarni. Kuma akwai wani abu da yake ci masa rai tun a hanya. Tun kafin azumi ya kafa wa Maharazu ƙaho a baya, bayan salla ya ga tsagar ba ta warke ba, tana ta ruwa. Jikin matashi mai lafiya ba ya haka.

Ya ce, "Tani, ni ba na shiga ɗakin mace sai na fara aske mijinta. A kira min shi."

Ta ce, "Yaushe aka fara wannan kuma?"

"Yau."

Ya ja Maharazu bayan rumbu, ya zaunar da shi, ya jiƙa masa kai. Ya dafa ƙeyarsa ya sunkuyar da shi kamar yadda ya yi masa tun yana jariri. Sai da aska ta yi tafiya biyu sannan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Maharazu, ni na yi maka kaciya, ba abin da za ka ɓoye min. Kafin in zubar da jinin 'yar mutane, gaya min tsakaninka da Allah. Ita ce, ko kai ne?"

Sai ga ɗigo a kan gwiwar Maharazu, kuma ba ruwan aski ba ne.

"Baba, ni ne. Wallahi ni ne. Na mutu a tsaye, Baba. In na doshi ƙofar ɗakinta gabana faɗuwa yake. Na yi tunanin in faɗa kanal in huta, tsoron Allah ya hana ni. In aka ji, ina zan sa kaina a garin nan?"

"To kanta fa? Naka ka ɓoye, nata ka miƙa wa aska?" Sada ya goge askar a tafin hannu. "Ciwo ne ya kama ka, ba zagi ba. Ni ban san sunansa ba, kuma ba ni da maganinsa a zabira, ba zan yi maka ƙaryar masu lasifika ba. Amma mutumin da tsagar ƙaho ta ƙi warkewa a bayansa, ba a ɗakin matarsa ciwonsa ya tsaya ba. Gobe mu tafi birni."

Ya gama askin tsaf, ya koma tsakar gida, ya rataya zabira a kafaɗa. Ya ce, "Yarinyar nan ba ta da gishiri. Ba zan yanka ba."

Iya Tani ta miƙe. "Ko dubawa ba ka yi ba! Tsufa ne ya kama ka, ko danginta ne suka toshe maka baki? To ba kai kaɗai ne wanzami a ƙasar Kano ba. Jibi zan aika Madobi."

Kalma ɗaya da ta wanke Sada. Kalma ɗaya tak! Bai faɗa ba. Ya juya wurin Maharazu da ke tsaye a bakin zaure, ya ce masa a hankali, "Askata na mayar kube. Ta wani ba ni da iko da ita. Wannan kai kaɗai za ka iya riƙe ta."

Kai ne, Sada, ka san cewa rufin asiri daban, goyon zalunci daban. Ka rufa wa miji asiri, ka ƙi taɓa matar, ka ɗauki zagin ka ɗora a kanka. Mai aska da ba ta shan jinin banza. Da ka so, da ka tsaga ka karɓi goronka, ba mai tuhumarka, don haka aka saba. Ka ƙi.

Washegari Sada da Maharazu suka hau motar tumatir, su biyu a kan kwanduna, sai Kano. Likita ya sa aka auna fitsari da jini, ya ce ciwon suga ne, shi ya ci jijiyoyi, shi ya hana rauni warkewa, shi ya kwantar da gaban. Ya ce fargaba da gajiya da kwanan gona sun ƙara masa nauyi, don wanda ya gaza sau ɗaya ya sa tsoro a rai, tsoron ma kaɗai ya isa ya kayar da shi. Da ya ji labarin zuma da dabinon masu lasifika sai ya riƙe baki, ya ce ai wuta yake ta zuba wa kananzir. Ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi zaƙi, ya ce ya riƙa dawowa awo. Ya ƙara da cewa ya je ya zauna da matarsa su yi magana, kuma kada ya sa ran warkewa dare ɗaya.

Suna dawowa Maharazu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Hawwa na jin sa daga bakin murhu. Ya ce, "Iya, kada a aika Madobi. Ƙarya na yi mata. Ni ne ba ni da lafiya." Iya Tani ta ja mayafi ta rufe fuska. Hawwa kuwa, da suka keɓe, abin da ta ce masa kaɗan ne: "Malam, ai na sani tun tuni. Ciwonka bai taɓa sa na raina ka ba. Shirun da ka yi ana wasa min aska, shi ne ya ƙona ni." Ita ce ta koma dafa masa abin da likita ya ce, ita ce ke ɓoye rake in an shigo da shi.

To a nan ne abin haushin yake. Iya Tani ta ji gaskiya, amma ba ta fita ta janye abin da ta watsa ba, don janyewa tona asirin ɗanta ne. Gari ya ci gaba da cewa Sada ya tsufa, hannunsa na tsoron jini. Gidaje suka ɗauke sunansu da kaciyarsu suka kai wa wani. Mazan da ke yi masa dariya a majalisa, waɗansunsu a gindin ɗorawar nan suka taɓa yi masa kuka kan irin wannan ciwo, ya rufa musu. Kunya ba ta kama su ba! An ce wanzami ba ya son jarfa, amma a garin nan maza ne ba sa son ko ƙwarzane a mutuncinsu, gara a tsaga mace. Namiji ya gaza, a ce an ɗaure shi, a ce matar ce, a ce gishiri ne, a ce komai ban da a je asibiti. Mata nawa aka yanka a kan ciwon da ba a jikinsu yake ba? Sada ya shekara yana zaune a kan buzu, wani yinin kai biyu kawai zai aske, bai buɗe baki ba.

Sauƙi ya zo wa Maharazu sannu a hankali, wata rana da daɗi, wata rana babu, har yau kuma yana kan ƙwayoyinsa. A daminar bana Hawwa ta haifi ɗa namiji. Ranar suna Iya Tani ta kira sabon wanzami, har ya zauna ya buɗe zabira. Sai Hawwa, da ba a taɓa jin muryarta ta wuce tsakar gida ba, ta rungume jaririnta ta ce daga cikin ɗaki, yadda na zaure za su ji:

"A yi haƙuri. Ba askar da za ta taɓa kan ɗana sai wadda ta ƙi taɓa ni."

Maharazu da kansa ya tafi bakin kanal ya ɗauko Sada. A gaban 'yan raɗin suna ya faɗi abin da ya faru a bayan rumbu, bai rage komai ba. Waɗansu suka sunkuyar da kai, waɗansu suka tuna suna da ban-ruwa a gona.

Mun gode, Baba Sada. Allah ya saka maka da alheri, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bayinsa. Ku kuma masu aska da ke tasowa, ku tambayi miji kafin ku doshi ɗakin mata. Ku maza, ciwon gaba ciwo ne irin na ido da na ƙafa, yana da dalili, ana kuma neman maganinsa a inda ake aunawa. Wanda ya same shi ya buɗe baki tun kafin a shimfiɗa wa wata tabarma.

A ranar sunan nan hannun Sada rawa yake yi sosai, har mutane suka fara kallon juna. Hawwa ce ta miƙo jaririn da hannunta, ta ce, "Karɓi, Baba, ni ba na tsoro." Ya yi bisimilla, ya dafa ɗan kan, ya aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Shi ne askinsa na ƙarshe.