Farin Ɗan Akuyar Goggo Hajo

Ku da kuka san Goggo Hajo kun sani, ba ta amsa gaisuwa sai ta gama duba mutum. Kana durƙushe kana ta "ina kwana, Goggo", ita tana riƙe da kunnenka tana juyawa, ta leƙa haƙora, ta buɗe tafin hannu. Sai ta gamsu sannan ta ce, "Kunnen kakarka ta wajen uwa. Wagga wushirya kuwa ta mutanen Kware ta. To, lahiya lau, ka tashi lahiya?" Ko limamin unguwa bai tsira ba. Ta taɓa aika masa cewa dogon hancin nan da yake taƙama da shi ba na gidansu ba ne, aro ne daga dangin uwa, ya riƙa sunkuyar da shi.

Awaki suka koya mata wannan hali. Jajayen awaki take kiwo, irin namu na Sakkwato da majema ke rububin fatarsu, kuma ta san kowace akuya tata har kaka bakwai. Wani maƙwabci ya taɓa jawo mata bunsuru don barbara, ja wur, ba tabo ko ɗaya a jikinsa. Ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Wa ya haihi uwatai?"

"Haba Goggo, bunsuru ne fa, ba neman aure muka zo ba!"

"Shi ya sa ni tambaya. Aure in ya ɓaci a raba. Wanga in ya shiga garke, wa ka hidda mini shi?"

Ta bincika har ta gano kakar bunsurun tana da fari a ciki, ta kore su shi da mai shi. Mun sha dariyar wannan, har da ni. Dariyata ta ƙare ne a makon da aka haifi ɗana na biyu, kuma yau da muka taru sadakar ukunta, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa da bakina ba.

Lokacin Nasara ba su fi shekara biyar da zuwa ba. Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma ni nake kai nama bariki kowace safiya, in miƙa wa kukun wani Bature. Da damina kurkunu ya kama ni ƙafa biyu, na yi wata biyu ban taka ƙasa ba. Matata Ige, 'yar baffana ce, ita ta riƙa ɗaukar faifan naman tana kaiwa. Ni na aike ta, ku riƙe wannan. Ba ta so ba, ni na matsa.

Da lokaci ya yi ta haihu. Ungozoma ta fito ba guɗa, ta ce in shigo. Na leƙa cikin tsumma, na ga yaro fari fat, jajir kamar an ɗaye shi, gashin kansa kamar gemun masara. Za ku ce ban san zabiya ba? Na sani mana! Amma babban zabiya na sani, wanda rana ta gasa ta yi masa tabo. Ban taɓa ganin jaririnsu ba. Abin da na taɓa gani mai wannan launi shi ne mutumin da ke zaune a barandar bariki. Ga 'yarmu ta fari tana wasa a tsakar gida, baƙa ƙirin kamar ni. Na ƙirga watanni a yatsuna, na juya na fita. Na ɗauke tabarmata na koma zaure, ban ce wa Ige ko sannu ba.

Ran nan da azahar Goggo ta iso. Ita ce babbar yayar ubana da uban Ige, ubana kuwa ya riga ya rasu. Ta daɗe a ɗaki, ta fito ta tsaya a kaina.

"Sanda, hidda ƙahwarka."

Na miƙa. Ta nuna yatsana na biyu da ya fi babban tsawo. "Ga shi can ga jaririn. Kunne naka, ƙeya taka, kaico, har munin bakin. Ɗanka na."

Na ce, "Goggo, kunne kowa na da shi."

"Awo. Hankali na ba kowa ba."

Kwana uku magana ta cika mahauta. Ina fiɗar wani sa da aka yanka, sai Labbo, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya ɗaga murya: "Barka, Sanda! An ce an yi maka baƙo. Da Hausa za a yi masa huɗuba, ko a kira tafinta?" Aka fashe da dariya. Wuƙa tana hannuna, na dubi wuyan Labbo, na ga daidai inda ake yanka. Allah ne ya tsare, wasu dattawa biyu suka riƙe ni. Da yamma Baffa ya aiko: idan rana ta shida ta faɗi ban raba goron suna ba, zai zo ya ɗauki 'yarsa da jikansa, mu haɗu gaban alƙali, kuma kada in ƙara taka ƙofar gidansa ko da gawarsa aka fitar. Kun san abin da wannan ke nufi. Yaron da ubansa ya ƙi raba masa goro, gari ya gama sa masa suna, uwarsa kuma ba ta sake ɗaga kai.

Rana ta huɗu Goggo ta aiko in zo. Na zaci garke za ta kai ni, sai ta ja ni ɗakinta, ta leƙa waje hagu da dama, ta saki labule. Ta ɗaga wani babban kwando a bayan gado. Ɗan akuya ya yi tsalle ya fito, fari tas kamar auduga.

"Goggo! A garkenki?"

"Rage murya, ɗan banza! Wata biyu ina ɓoyon shi. Da lahiyata ba mai ganin shi." Ta zauna bakin gado. "Uwatai Mai-Kunne, ja. Ubanai Ɗan-Gulbi, ja. Kai ka san su. To gaya mini, wace bariki Mai-Kunne ta kai nama?"

Ban yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba. Ta shiga lissafa mini da yatsu, uwa ta haifi wance, wance ta haifi wane, ta bi layin uwar ta bi layin uban, sai ga su sun haɗu a wata farar akuya da ta karɓa hannun Buzaye tun tana amarya.

"Abin ga kwanciya shikai cikin jini," in ji ta. "Mai ɗauke da shi ja na, ba ka gani. In daga uwa kaɗai ya zo, ba shi hita. In daga uba kaɗai, ba shi hita. Ranar da na uwa ya gamu da na uba cikin ɗa guda, ran nan shi hito. Kuma ba kowane ɗa ba. Tagwaye ta haihwa, ɗan'uwanai na can garke, ja wur."

Na ce, "Goggo, na ji. Amma zancen akuya kike yi mini. Ita kin san farar kakarta. Mu fa? A gidanmu ba a taɓa haihuwar zabiya ba. Ke kin fi kowa sani."

Goggo ta dubi ƙasa. Ta mayar da ɗan akuyar cikin kwando ta ce, "Tahi." Na fita da zuciya mafi nauyi, don na ɗauka ita ma ta sallama.

Rana ta biyar ba ta zo ba. Rana ta shida na fita kasuwa don ba zan iya zaman zaure ba. Ina fita, ta kan katanga na hango Ige tana ɗaure kayanta a zane, tana yi a hankali don jikinta bai yi ƙwari ba. An ce Baffa ya riga ya nemi jaki.

Bayan azahar sai na ji hayaniya daga bakin mahauta. Goggo ce tafe da sandarta, ta goya farin ɗan akuyar nan a baya da majanyi, kansa a waje yana ta kuka. Matar da ta yi shekara arba'in tana cika baki garkenta ba gauraye! Kasuwa ta watse ta biyo ta. Labbo ya ce, "Goggo, barka da arziki, wannan ma ɗan bariki ne?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Kai da haƙoranka ba na ubanka ba, kama bakinka kahin in tuna na wa na."

Labbo ya koma rumfa ya kama wasa wuƙa.

Ta wuce kai tsaye wurin tsoho Jaɓɓi. Wasunku ba ku riske shi ba. Shi ne mafi tsufa a cikin mahautan birni, ya makance, kullum ana kawo shi a zaunar a inuwa don ya ji ƙanshin sana'a. Goggo ta durƙusa gabansa, akuya na kuka a bayanta.

"Baba Jaɓɓi, Hajo ta. Wa ya koya maka hiɗa?"

Tsoho ya juyo wajen muryarta. "Hajo, ubanki ya roƙe ni in bar zancen ga."

"Ni ma ya roƙe ni, shina kan gadon mutuwa. Ni ka ɗaukar alhakin. Ni ba ni iya kiran sunanai, uba na gare ni. Kai hwaɗi, da ƙarhi, su jiya."

Tsoho ya share fuska ya ce, "Mani. Mani ƙanen ubanki, uwa ɗaya uba ɗaya. Zabiya na, hwari tas. Ban ga hannu irin nasa ga hwata ba, ko ƙwarzane ba shi yi. Rana ta cinye mai wuya, ya mutu bai yi aure ba. Ubanki na da ɗiya mata huɗu, ya ji tsoron a guje su, ya ce a binne zancen tare da shi. Lokacin nan ko labarin Nasara ba mu ji ba."

Jama'a, ƙanen kakana! Kakan da ya haifi ubana, shi ya haifi uban Ige. Abin da ta lissafa mini a kan akuya, ga shi a gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Wuƙar hannuna ta faɗi. Kunya ta rufe ni, kuma kun san halin namiji, da kunya ta yi yawa sai ta koma faɗa. Na daka mata tsawa a gaban mutane.

"Ashe kin sani! Ke da kika kori bunsuru saboda tabon fari a jikin kakarsa, kin sani kika haɗa ni aure da Ige?"

Ta miƙe, ta gyara goyonta.

"Ku awaki na? Hwatarku za ni kai wa majema? Na ga yarinya mai hankali, na ga yaro da ni zaci shina da shi, na haɗa. Ga guda na yi kuskure." Ta nuna rana da sanda. "Ka tsaya nan kana tuhumata. Baffanka ya ɗaura wa jaki akumari."

Ban san sanda na fita da gudu ba, da jini a riga, har layin masu goro. Na isa gida jakin yana ƙofa. Na zube gaban Baffa da ƙunshin goro a hannu, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauki ɗaya ya fasa.

Washegari aka raɗa wa yaro suna Usmanu, muka ce Mani. Goggo ta kawo farin ɗan akuyar ta ɗaure a gidana, wai gudummawa. Na fara godiya, ta ce, "Kada ka gode, rabuwa da shi nikai. In ya girma ka yanka, hwatar tawa ta."

Ige kuwa, kada in yi muku ƙarya in ce an yi dariya an wuce. Da na shiga na ce ta yafe mini, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kai ka ɗora mini faifan nan a kai." Ta kwance kayanta, ta ci gaba da dafa mini tuwo, amma ban sake ganin haƙoranta ba sai da aka yaye Mani. Na cancanci fiye da haka.

Goggo ta biya nata kuɗin goron ita ma, da abin da ya fi mata zafi. Ta karya alkawarin ubanta, har ta tsufa tana yi masa sadaka kowace Juma'a tana neman gafararsa. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, ita da ke gori a kan aron ludayi.

Shekaranjiya kun ga abin da na gani. An kai Goggo makwancinta da rana tsaka, rana irin wadda Mani ba ya iya buɗe ido a cikinta. Aka ce 'ya'ya su shiga kabari su karɓe ta, na yunƙura, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, bar mini." Ya cire malfarsa ya ajiye, ya sauka, ido a runtse, hawaye na zuba, ya karɓe ta da hannunsa biyu ya kwantar.

Allah, ga Hajo nan ta zo. Ta tona abin da aka ba ta amana don ta rufa wa mai jego da jariri asiri, Kai ma Ka rufa mata nata. Ka yafe mata, Ka daidaita tsakaninta da ubanta, Ka sanyaya makwancinta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.