Gishirin Malam Habu

Akwai ranakun aiki da yawa da na manta, amma ban da ranar da na hana Malam Habu cin gishiri.

Lokacin ina aikin shara da tafinta a wani ɗakin shan magani nan Matameye. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina jin faransanci, kuma ina son a san ina ji. Majo ɗinmu, wato shugaban masu jinya, baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba.

Malam Habu manomi ne daga Kurni. Ya shigo yana tafiya a buɗe, gwaiwa ta dame shi. Ƙa'idar ita ce a haska kumburin da tocila. In haske ya ratsa, ruwa ne. In bai ratsa ba, wataƙila hanji ne ya sauko. Majo ya haska, ya ce, "Idrosel." Ya rubuta takardar zuwa Damagaram don a yi aiki, ya fita duba wata mai naƙuda.

Malam Habu ya ce, "Sani, me ya ce?"

Na san "idro" ruwa ne, kuma a faransanci "sel" gishiri ne. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, ruwan gishiri ne ya taru. Gishiri ya yi maka yawa."

"To, in na bari fa?"

"Ai sai ya sace."

Da ma wuƙa yake tsoro. Ya naɗe takardar ya cusa cikin hula.

Sai dab da shuka ya dawo, a amalanke, ko tsugunno ba ya iyawa, balle ya riƙe hauya. Matarsa, Inna Rabi, ta riga shi shigowa.

"Ina mai faransancin? Wata biyar muna shan miya lami, gida duka! Ga abin nan ya kai tulu!"

Majo ya sa na maimaita fassarata. Ya yi dariya har ya zauna, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce wannan "sel" ba kalmar Faransawa ba ce, ta Girkawa ce, tana nufin kumburi. Ita ce a wutsiyar "barikosel", kumburin jijiyoyi, da sauransu. Ya ce, "Yanzu faɗa musu da bakinka."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Ni na raka shi Damagaram, aka yi aiki, amma daminar nan ƙannensa suka nome masa gona. Wannan har gobe yana cina.

Ku tafintocin da kuka zo bayanmu, mara lafiya ba bakin likita yake ji ba, naku yake ji. In ba ku gane ba, ku tambaya.

Bayan ya warke, Malam Habu ya aiko mini da kantun gishiri guda. Ɗan aiken ya ce, "Wai rabonsa ne na wata biyar, ka cinye."